Inda Masu Sana'a Suke Zama: Sharhi Daga Bakin Kogin Haɗejiya

  Ina gaida mutanen cikin garin Haɗejiya, da na Auyo da Kafin Hausa, da na Guri da Kirikasamma, da na Birniwa da Kaugama da Malam Madori. Gaisuwa ta musamman ga wanda yake jin muryata yanzu daga cikin kwale-kwale, da wanda yake zaune gaban wutar banda hayaƙi na shigar masa ido, domin yawancin maganar yau tasu ce.

Zan faro daga nesa, daga wata ƙungiya wadda jin sunanta kaɗai yakan sa mutum ya gyara zama. Turawa suna ce mata Firimason, Larabawa suna cewa Masuniyya, mu kuma a nan sai mu haɗa ta da sauran ire-irenta mu ce ƙungiyar asiri. Bari in share hanya tun da wuri, kada wani ya kama shirin daga tsakiya ya fahimce ni a baibai. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan wannan ƙungiya a 1978, ta kuma yanke cewa bai halatta Musulmi ya shige ta ba. Tun a 1738 Fafaroma Kilemen na 12 ya hana mabiya ɗariƙar Katolika shiga cikinta. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 38, ya ba kowa 'yancin addini amma ya ce wannan 'yanci bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. Ni ma a kan wannan nake. Abu guda ne ya kai ni wurinsu yau, shi ne yadda suka riƙe tarihin ɗakunan da suka zauna a ciki. Da na karanta wannan tarihi sai zuciyata ta dawo gida, ta tsaya a bakin kogi.

Sunan nasu ma'anarsa magina 'yantattu. Asalinsu masu sassaƙa dutse ne da suka gina manyan majami'u da fadoji a Ingila da Sikotilan. Ginin dutse yakan ɗauki shekaru, wani lokaci wanda ya sa harsashi ba ya ganin rufi. Saboda haka a gefen kowane babban gini akan kafa wata rumfa, a nan magina suke ajiye kayan aiki, su yi sassaƙa in ana ruwa, su ci abinci, su koya wa yara aiki, su sasanta rigimarsu. Wannan rumfa suke kira loj, kuma har yau da wannan suna suke kiran kowane reshe nasu. Kun ga ke nan sunan wurin zama ne ya zama sunan jama'ar da suke zama a wurin.

A 1598 wani mutum mai suna William Schaw, wanda shi ne mai kula da gine-ginen Sarki Jemis na 6 na Sikotilan, wato kamar mu ce sarkin maginansa, ya rubuta wa magina dokoki: yadda za a ɗauki ɗan koyo, shekarun da zai yi, da tarar wanda ya saɓa. Daga nan aka shiga rubuta abin da aka tattauna a zama. Reshen birnin Edinbura yana riƙe da littafin zamansa tun daga watan Yuli na 1599. Ku saurari abin da aka fara rubutawa a ciki. Wani magini ne aka kawo ƙararsa, ya ɗauki mutumin da bai bi ta hannun magina ya koyi aiki ba, ya sa shi gyaran bututun hayaƙi na kwana biyu da rabi. Ya amsa laifinsa, ya nemi afuwa, aka duba talaucinsa aka yafe masa, aka ja masa kunne. Jama'a, wace shari'a ce wannan in ba irin wadda ake yi a zauren sarkin magina ko sarkin ƙira a ƙasar Hausa ba? Yau shekara 400 da ɗoriya, kuma takardar tana nan, ana iya karanta sunan mutumin.

Da tafiya ta yi tafiya sai attajirai da masu sarauta, waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba, suka riƙa shiga. A hankali maginan gaske suka ragu, kayan aiki suka koma alamomi da ake ratayawa, aka shigo da rantsuwa da bukukuwan ɓoye, abin ya rikiɗe ya zama wanda malamai suka yi hani da shi. Bisa ga abin da su kansu suka rubuta, ranar 24 ga Yuni 1717 rassa huɗu na birnin Landan suka haɗu a saman benen wani gidan shaye-shaye kusa da babbar majami'ar Sen Pol, suka kafa uwar ƙungiya, suka zaɓi wani Anthony Sayer ya shugabance su. A lokacin rassan ba su da suna sai na gidan da suke haya: wannan na gida mai alamar dinya da ƙarfen gashi, wancan na gida mai alamar kambin sarauta, wani na itacen tuffa, wani na kofi da inabi. Sai a 1776 suka buɗe zaure nasu na kansu, ginin da yake wurin yanzu kuma an gama shi a 1933. Turawan kasuwanci da na mulki ne suka kawo ƙungiyar Legas a shekarun 1860, daga baya ta bi su zuwa garuruwan da suka yi yawa a Arewa irin su Kaduna da Jos.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Wani akanta Bature mai suna John Lane ya zauna shekara da shekaru yana bin tsofaffin takardu, a 1886 ya fitar da littafi, ya sake faɗaɗa shi a 1895. Babu labari mai daɗin ji a cikinsa. Jerin rassa ne kawai, kowanne da shekarar kafa shi, da duk wurin da ya taɓa zama: daga gida kaza aka koma gida kaza a shekara kaza, daga nan aka koma ɗakin taro kaza, shekara kaza reshen ya mutu. Gidan nan mai alamar dinya an rushe shi tun ƙarshen ƙarni na 19, amma yaro ɗan makaranta zai iya nuna maka inda yake a taswira.

To mu dawo gida.

Mu ma muna da 'yan'uwantaka ta masu sana'a, kuma tamu a fili take, ba ta da ƙofar ɓoye. Masunta suna da sarkin ruwa, mahauta suna da sarkin fawa, maƙera da sarkin ƙira, magina da sarkin magina, wanzamai da nasu, 'yan fito da nasu. Kowace sana'a da wurin zamanta. Maƙeri ba ya buƙatar ɗakin taro, rumfar ƙira ta ishe shi, ana zuga ana hira, manomi ya kawo garma gyara ya zauna ya ba da labarin ƙauyensu. Marina suna da karofi. Majema suna da ramukansu a gefen gari saboda wari da buƙatar ruwa. Magina suna haɗuwa a bakin ramin ƙasa inda ake kwaɓi ana cura tubali, in magana ta yi nauyi a tafi zauren babba.

Wanda yake shakka ya dubi sunayen unguwannin Haɗejiya. Majema. 'Yankoli. Kasuwar Ƙofa. Sabon Garu. Waɗannan sunaye yau muna jin su a bakin 'yan siyasa ranar zaɓe, a ce mazaɓar Majema ta kawo ƙuri'a kaza. Amma sunan yana faɗin wani abu da ya girmi akwatin zaɓe. Yana cewa a nan wasu mutane suka zauna suna jeme fata da bagaruwa, a can wasu suka baje allura da madubi da kwalli da zare. Sabon Garu yana shaida cewa an taɓa ƙara wa gari ganuwa. Tambayata ita ce: a cikin Majema, a wane zaure manyan majema suke zama? Wa ya riƙe su kafin wanda tsofaffinmu suka sani? Yaushe ramukan suka tashi, ina suka koma? Na sha yin irin wannan tambaya ga samari a unguwanni daban-daban, yaro ya san lambar mazaɓarsa amma ya yi shiru a kan wannan. Ban ga laifinsa ba, ba a gaya masa ba.

Tarihin sarautarmu kuwa, alhamdu lillahi, a riƙe yake. An san labarin Haɗe maharbi da ya zo daga Macina da matarsa Jiya. An san ƙananan masarautu bakwai na wannan yanki kafin jihadi, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, waɗanda suke bin Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. An san Sambo ɗan Harɗo Abdure wanda ya hau a 1808, ya zauna a Haɗejiya, ya faɗaɗa gari ya ƙarfafa ganuwa. An san Buhari da yadda ya tsaya wa rundunar Sakkwato a Kaffur, har ya rasu a 1863 a yaƙin ƙasar Bade. An san ranar 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi shahada tare da jarumansa, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Wannan abin alfahari ne, Allah ya jiƙansu. Sai dai ganuwar da aka yi yaƙin a gindinta, hannu ne ya cura tubalinta ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara bayan damina akan raba wa unguwanni da ƙauyuka gyaran inda ruwa ya zaizaye, magina suna gaba suna nuna yadda za a jera. Masu da takubba da linzamin dawaki, a maƙera aka ƙera su. Sirdi da garkuwa sun bi ta hannun majemi da baduku. Sunan mahayi ya zo mana, sunan wanda ya yi masa sirdi ya tsaya a hanya.

A duk ƙasar Hausa magini ɗaya ne sunansa ya yi tambari sosai, Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Wanda ya taɓa shiga ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa, ya san cewa akwai lissafi mai zurfi a kan mutanen nan. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti aka lulluɓe tsohon a ciki. Sunan Babban Gwani ya rayu ne saboda zuriyarsa sun ci gaba da riƙe sarautar magina, gidansu da unguwarsu suna nan, mai tambaya yana da ƙofar da zai je ya yi sallama. Inda wurin zama ya tsaya, labari yakan tsaya tare da shi.

Yanzu bari in zo kan masunta, domin a wurinsu abin ya fi ciwo, su da ɗakin taronsu bakin ruwa ne.

Wanda bai san wannan ƙasa ba sai ya ɗauka kogi hanya ce guda da ruwa yake bi. Namu ba haka yake ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya gangaro, ya iske ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin yashi, sai ya rarrabu. Wani hannu ya bi ta Kafin Hausa. Gabas da gari kuma ya sake rabuwa: Marma ta nufi tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga tsohuwar hanyar kogin. Can wajen Gashuwa a haɗu da ruwan Jama'are, a zama kogin Yobe, a nufi tafkin Chadi. A da, in ruwan sama ya sauka a ƙasar Kano, sai ambaliya ta iso mana a watannin Agusta da Satumba, ta bazu a fadama. Kifi ya bi ta ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Manomi ya riga ya shuka shinkafa tana tashi tare da ruwa. In kaka ta yi ruwa ya fara ja da baya, kifi ya taru a tafkuna da ƙoramu, masunci ya shiga. An yanke shinkafa, a shuka wake da sauransu a kan danshi. Daga baya Bafulatani ya sauko da shanu su ci harawa su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa.

Irin wannan tsari ba ya tafiya da kansa, sai an zauna. Ina yaro nakan je wurin dangin mahaifiyata a wani ƙauye gabas da gari. Akwai wata tsamiya a mashaya inda ake ɗaure jirage. In sanyi ya fara shigowa, bayan la'asar, sai ka ga dattawa sun hallara a gindinta, wani yana ɗinkin koma, wani yana gyaran gora, bulama yana gefe, sarkin ruwa yana tsakiya. A nan ake cewa tafki kaza an hana shi sai rana kaza, wanda aka kama a ciki kafin ranar ya san tararsa. A nan ake tsayar da ranar su, a aika shela kasuwanni, baƙin masunta su zo daga nesa, a gaya musu abin da za su fitar na mai ruwa. A nan ake tsawata wa wanda ya zo da raga mai ƙananan ido yana kwashe 'ya'yan kifi. In wani ya tare ƙorama gaba ɗaya da dumba har na ƙasa da shi ba sa samun ko karfasa, a nan za a kira shi. In ruwa ya ci mutum, daga nan ake tashin waɗanda za su nemo shi. In masunci ya rasu ya bar ƙanana, a nan ake cewa ranar su a ware wa gidansa rabo. Ba na mantawa da yadda ake kiran sunayen tafkuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne da halinsa: wannan na tarwaɗa ne, wancan gaiwa ce take kwanciya a taɓonsa, wancan yana da rami a tsakiya kada yaro ya shiga. Babu takarda, babu alƙalami. Littafin yana cikin kawunan mutum bakwai ko takwas, shafinsa kuma ba ya buɗuwa sai sun haɗu a wurin.

Na san wani zai ce ai masunta ma suna da nasu asirin. Gaskiya ne, akwai asirin ruwa kamar yadda maƙera suke da na wuta, uba yana ba ɗansa. Abin da ya saɓa wa addini a ciki, wa'azi ya yi aikinsa, da yawa sun bari, kuma barin ya yi kyau. Amma mu yi hattara kada mu haɗa tsaba da tsakuwa mu watsar. Sanin lokacin da kifi yake ƙwai, da sanin iyakar ruwan wannan gari da na wancan, da sanin yadda kakanni suka raba rigimar da ta taɓa tashi a kan wani tafki, ilimi ne na halal, kuma da shi ake zaman lafiya.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. An kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka zo da aikin noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo. Ba zan tsaya a nan in ce ba a amfana ba. Birnin Kano yana sha daga ruwan nan, dubban gidaje suna ci daga shinkafa da alkama da tumatir na rani. Amma numfashin kogi ya canza. Masu binciken da suka auna faɗin ambaliya sun nuna cewa a ƙarshen shekarun 1960 ruwa yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, a wasu shekaru na 1980 da 1990 kuwa bai kai 1,000 ba, fari da madatsu sun haɗu. Sannan ga wani abu da ba a zata ba. Da can kogi yakan bushe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara, sai kachala ta sami abin da take so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta riƙe yashi da laka, ta toshe wasu hannuwan kogi, ta tura ruwa inda ba a saba ba. Wani gari gonakinsa sun zama tafki na dindindin, wani gari jirginsa yana kife a kan busasshiyar ƙasa. A cikin kachalar kuma tsuntsun nan jan baki yake kwana, gari ya waye ya sauka a kan shinkafa.

Da na koma ƙauyen nan bayan shekaru, sai da aka nuna mini inda tsamiyar take daga nesa. Ruwa ya zauna a gindinta har ta bushe, kachala ta fi tsayin mutum ta kewaye wurin. Mashaya ta koma wani gefe. Masunta suna nan, suna fita, wasu ma suna tafiya har tafkin Chadi. Sai dai zaman ya watse, wasu a wajen mai shayi, wasu a tasha, magana ta koma waya. Da na tambayi sunayen tafkunan da nake ji ina yaro, dattijo ɗaya ne ya iya jero su, ya kuma ce mini uku daga ciki yanzu babu su.

Abin da yake faruwa a cikin gari ɗan'uwan wannan ne. Zaure shi ne majalisar Bahaushe, kotunsa, makarantarsa, masaukin baƙonsa. Yau zaure nawa aka fasa aka mai da shago? In ambaliya ta zo, irin ta 2018 da ta 2020 da babbar nan ta 2022, ginin ƙasa ne yake fara zubewa. Mai gida in Allah ya hore masa sai ya tayar da bulo da kwano, ya sa ƙofar ƙarfe, fili ya yi kaɗan, iyali sun yi yawa, zaure ba ya dawowa. Wa zai zarge shi? Amma da zauren nan aka san gidan sarkin sana'a, a cikinsa aka yi shekara 100 ana yanke magana.

Akwai ƙungiyoyi na zamani, na sani. Tun da aka fara shirin Fadama da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 aka koya wa mutane yin rajista, da shugaba da sakatare da ma'aji da littafin taro. Wasu sun yi aiki na gari, suna nan har yau. Da yawa kuma an kafa su ne don a karɓi injin ban ruwa ko rance, shiri ya ƙare, littafi ya shiga ƙarƙashin katifa gara ta cinye. Ko a cikin waɗanda suka rayu, da wuya ka ga an buɗe shafin farko da cewa: kafin mu, ga waɗanda suka riƙe wannan sana'a, ga inda suke zama.

Wani abin da yake sosa mini rai shi ne, tsuntsayen fadamarmu suna da littafi. Tun 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Haɗejiya da Nguru. A 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a 2008 aka ƙara da Baturiya ta ƙasar Kirikasamma. Masana sukan zo da sanyi su ƙirga tsuntsayen da suka taso daga Turai, su rubuta iri da adadi. Aiki ne mai kyau, ina yaba musu. Turawan mulki su ma sun ƙirga masu sana'armu gunduma gunduma, masaƙa kaza, marina kaza, maƙera kaza, domin su yanka haraji, takardun suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Mai neman haraji ya rubuta adadinmu, mai son tsuntsu ya rubuta na tsuntsu. Sunan tsamiyar da sunan waɗanda suka zauna a gindinta, wannan namu ne, babu baƙon da zai zo ya rubuta mana.

Kuma kada wani ya ce zumuncin ya mutu. Wanda yake Haɗejiya a daminar 2022 ya ga abin da ya faru lokacin da ruwa ya tunkaro gari. Dare da rana mutane suna kan jinga, yaro da babba, mai kuɗi da talaka, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa, mata suna aiko da abinci. Aikin gayyar da kakanni suka yi wa ganuwa shi ne jikoki suka yi wa jinga. A irin wannan rana ake neman wanda ya san halin ruwa, wanda zai dubi gaɓa ya ce nan za ta ɓalle kafin asuba. In kifi ya fito daga ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Mutanen da suke da wannan sani suna raye a cikinmu, amma yawancinsu furfura ta rufe su.

Don haka ga roƙona, kuma abu ne da ba ya jiran kasafin kuɗi. Kowace sana'a ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A sami yaro mai kyan rubutu, da boko ko da ajami, duk wanda dattawa suka fi natsuwa da shi. A zauna da manya a tambaye su a tsanake: Baba, kafin nan a ina kuke zama? Wa ya dawo da ku nan, zamanin wane sarki, shekarar wace ambaliya ko wace yunwa? Wa yake zama a tsakiya, wa ya gada daga wa? Wace rigima ce mafi girma da aka taɓa kashewa a wurin, yaya aka kashe ta? Abin da dattijo ya ce sirrin gidansu ne, a bar masa abinsa, ba shi ake nema ba. Masunta su jero sunan kowane tafki da ƙorama da mashaya, har waɗanda suka bushe da waɗanda kachala ta cinye. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoton zauren kafin a rushe shi.

Ina kuma miƙa kokon bara ga majalisar Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, Allah ya ja zamaninsa. Sarakunan sana'a a ƙarƙashin fada suke, kalma ɗaya daga can ta isa ta sa kowannensu ya kawo jerin magabatansa da wuraren zamansu a ajiye a wuri ɗaya. Malamai na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da na Kwalejin Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya, kowace shekara kuna neman abin da ɗalibai za su yi bincike a kai. Ga Majema, ga 'Yankoli, ga kasuwar kifi inda ake loda banda zuwa kudu, ga mashayun Guri da na Kirikasamma. A tura ɗalibi ɗaya unguwa ɗaya, mashaya ɗaya.

Ni kaina na fara. Dattijon nan da ya jero mini sunayen tafkuna, na koma wurinsa da littafi, mun yi yini biyu, mun rubuta tafki 14 da wuraren zama uku da masuntan garin suka yi kafin na yanzu. Ya ce in dawo bayan an yanke shinkafa, akwai wani tsoho a ƙauyen gaba da ya girme shi, wanda ya san inda ake zama tun kafin tsamiyar.